Tumakin Dakta a Kan Sikeli

Ba likita ba ne, ko kaza bai taɓa yi wa allura ba, amma duk layin Dakta ake ce masa. Sunan ya samo asali tun yana direba, lokacin da ya yi ta kai wasu masu binciken dabbobi gonar gwaji yana dawo da su. Su suna can cikin garke suna fama, shi yana cikin mota ya kwantar da kujera ya ɗora ƙafa kan sitiyari. Da aikin ya ƙare sai ya dawo gida da wata farar riga mai aljihu biyu da ɗayansu ya manta a bayan mota, da kuma sabon salon magana. Ya daina cewa ya ga abu ko ya ji abu, sai dai bincike ya nuna. Ko hadari ne ya taso, bincike ne ya nuna za a yi ruwa.

Gidan nasu na gado ne. Shi da matarsa suna ɓangaren gaba, babbar yayarsa tana ɓangaren baya, tumaki shida suna tsakiya. A bakin titi kuma akwai ɗaki ɗaya mai ƙofa waje, kuma a kansa ake rigima. Dakta ya sa tebur a ciki, da bencin baƙi, da kujera mai juyawa wadda ba ta juyawa sai hagu, ya ce ofis ne. Nan yake zama da yamma yana koya wa mutane duniya. Yaya kuwa tela ce, kekenta ya cinye rabin ɗakin kwananta, masu kawo ɗinki sai sun tsallake kashin tumaki kafin su iske ta. Ɗakin take so ta yi shago. Ita kaɗai ce kuma a faɗin duniya ba ta ce masa Dakta. Auta take ce masa, a gaban kowa, da irin muryar da take aikensa sayen ashana tun yana yawo ba wando.

Farkon damina ta leƙo ofis yana tsakiyar yi wa mai aski da mai kemis bayani, ta ce ita dai amfanin da ta san yana yi a gidan shi ne kai tumaki kiwo da safe, shi ma tumakin ne ke gaba yana bin su. Mai aski ya duƙar da kai yana gyara takalmi. Dakta ya juya hagu a kujerarsa, ya zagayo har ya dawo yana fuskantarta, ya ce ai kiwon ciyawa zalla aikin jahilci ne. Bincike ya nuna tunkiyar da ake yi wa ƙarin haɗaɗɗen abinci takan ninka ’yar’uwarta girma, shi ganau ne, da shi aka yi aikin. Yaya ta ce to ga tumaki ga shi. A nan take aka ƙulla magana a gaban shaidu biyu. Za a raba tumakin uku-uku, rago ɗaya da mata biyu a kowane ɓangare. Nata za su bi garken maƙwabta su ci ciyawa kamar kullum, nasa ya yi musu abin da bincike ya nuna. Ƙarshen damina a auna, ɓangaren da ya fi nauyi shi ke da ɗaki.

"Kuma idan nawa suka fi, Yaya, kin daina ce mini Auta a bakin titi."

"Idan naka suka fi, har Furofesa zan ce maka. Idan nawa suka fi, wannan kujerar ka nema mata wurin kwana."

Mai kemis ya ba da aron sikelinsa, irin na ƙasan nan da mutum ke hawa ya tsaya. Matsalar ita ce tunkiya ƙafa huɗu gare ta, sikelin kuwa na mai ƙafa biyu ne. An ɗora ta gaba, ta baya tana ƙasa. An ɗora ta baya, ta yi fitsari a kan allurar da ke nuna nauyi. Dakta ya bari sai da kowa ya gaji, sannan ya ɗaga hannu ya ce a matsa. Ga yadda manya suke yi: mutum ya hau shi kaɗai a ga nauyinsa, sannan ya rungumi tunkiya ya sake hawa, sai a cire nasa, abin da ya saura na tunkiya ne. Har mai kemis sai da ya gyaɗa kai, don dabarar ba ta da aibu. Dakta ya hau, allura ta tsaya kan kilo saba’in cif. Ya sanar da jama’a cewa tun yana saurayi nauyinsa ke nan, jikin mai tarbiyya ba ya hawa ba ya sauka. Ranar ce ta ƙarshe da ya hau sikelin shi kaɗai a duk daminar. Me zai sa ya sake? Ai mutum ya san nauyinsa.

Aka auna biyar lafiya, kowace tana wajen ashirin da biyar, ɓangarorin suka zo kusan kai ɗaya. Ta shida ta Yaya ce, wata mai baƙin kunne da ba ta son raini. Allura na tsayawa ta sa masa kofato a ciki, suka tafi tare cikin bahon wanki. Yaya ta ciro tunkiyarta ta bar ƙaninta a ciki, ta ce daga yau kada hannunsa ya sake taɓa nata sai ranar hukunci.

Washegari ya dawo daga kasuwa da dusa, da barzajjiyar masara, da tunkuzar gyaɗa, da gishiri. Ya sa farar riga, ya shimfiɗa buhu a ƙofar ofis inda duk mai wucewa zai gani, ya hau gauraya da cebur. Ya tuna masu binciken sun taɓa faɗin wani abu kamar a fara kaɗan-kaɗan, amma ya yanke cewa wannan na ma’aikatan da ba su da gaggawa ne. Ya kuma tuna mai bincike ba ya ba dabba abin da bai ɗanɗana ba. Dusa ba daɗi. Masara ta kusa cire masa haƙori. Tunkuza kuwa, da ɗan gishirin nan ya taɓa ta, sai da ya lumshe ido. Ya duba da kyau ya ga akwai manyan curi a ciki, kuma kowa ya san babban curi na iya shaƙe tunkiya. Don ceton rai ya tsince su tas ya cika aljihu biyu.

Da sassafe, kafin su ga ko tsinken ciyawa, ya cika musu baho har baki. Suka ci kamar an ce gobe ba duniya. Kafin rana ta take cikinsu ya yi tim kamar ganga, suna kwance suna nishi, ragon yana kallonsa da idon zargi. Dakta ya sulale ta ƙofar titi don kada Yaya ta gani, ya faɗa kemis ya ce a ba shi maganin kumburin ciki, wani ɗan’uwa ne ba lafiya. Mai kemis ya tambayi shekarun ɗan’uwan, ya ce bai cika biyu ba. Ya tambaya ko yana iya tafiya, ya ce ƙafar gaba dai tana motsi. Mai kemis ya cire tabarau, ya mayar da kwalbar kan kanta, ya nuna masa hanyar malamin dabbobi.

Malamin ya zo ya ɗura musu mai, ya murza musu ciki har suka yi gyatsa. Ya ce ƙarin abinci abu ne mai kyau, amma sunansa ƙari: a bar su su cika ciki da ciyawa, da yamma a ba su ɗan tafin hannu. Dakta ya raka shi har bakin titi yana godiya, ya dawo ya gaya wa matarsa cewa mutumin hassada ke cinsa, ya ga za a ƙwace masa sana’a. Ya rage bahon kaɗan don kada su sake kumbura, amma safiya tana nan safiya.

Bayan kumburi sai zawo. Kuma tumakin ba su zaɓi ko’ina ba sai ƙofar ofis, tunda nan ƙanshin yake fitowa. Masu zuwa hira suka koma tsayawa daga tsallaken kwata suna ɗaga murya. Dakta ya yi musu bayani cewa sai tsohon ciki ya fita sannan sabo zai samu wurin zama.

Da cikin ya lafa, ya ɗauki sanda zai kai su kiwo. Suka bi shi har filin da ke bayan layin, ciyawa koriya shar har gwiwa, suka tsaya suna kallonta kamar an kawo musu takardar jarrabawa. Ya tsugunna ya tsinko ya kai bakin rago, rago ya kau da kai ya tura hanci aljihunsa. Ya yi musu faɗa, ya yi lallashi, har ya ɗan tauna ganye ɗaya a gabansu don misali. Daga ƙarshe su huɗun suka juyo gida. Tun daga ranar ba wanda ya sake zuwa kiwo a cikinsu. Dakta ya ce dama yawo ƙone nama yake yi, bincike ya nuna. Tafiyar safen nan da ya shekara yana yi ta faɗi, ya koma zama daga safe har yamma, hannu na shiga aljihu yana zuwa baki, tumaki uku suna kwance a ƙofa kamar masu jiran a sa musu hannu a takarda.

Idan kuwa ya miƙe, sai su miƙe. Suka raka shi shagon mai gyaran waya, suka raka shi gaisuwar mara lafiya, har mara lafiyan ya tashi zaune don ya gani. Mutanen layi suka daina gaishe shi shi kaɗai, sai dai a ce sannunku. Ranar da ya je aski ya rufe su a gida da kansa, amma matarsa ta buɗe ƙofa za ta zubar da ruwa, rago ya bi ta ƙarƙashin hannunta. An yafa wa Dakta ƙyalle, mai aski ya kunna inji ya gama gefe ɗaya, Dakta yana cikin yi masa bayanin sinadaran gina jiki, sai ƙyallen ya kumbura daga ƙasa ya fara tafiya. Rago ya cusa kai cikin aljihun dama ya ja. Dakta ya zabura gaba, injin ya bi ta tsakiyar kansa ya share titi tun daga goshi har ƙeya. Rago ya fita da aljihun gaba ɗaya a baki. Mai aski ya daɗe yana kallon aikin hannunsa, sannan ya tambaya a natse ko a bar titin haka ko a faɗaɗa shi. Aka yi masa ƙwal. Dakta ya ce dama haka ya yi niyya saboda zafi, ya mayar da duk kayan ajiya aljihun hagu.

Abin da ke share masa hawaye shi ne awo. Duk ƙarshen mako yakan aro sikeli, ya rungumi tunkiya ya hau, ya cire saba’in, ya sanar da sakamako da muryar mai karanta labarai. Kuma kullum akwai ci gaba. Abin da ya fi burge shi shi ne, duka ukun ƙari iri ɗaya suke yi, ba wadda ta fi wata ko da rabin kilo, kamar da ludayi ake zuba musu naman. Ya ce wannan ita ce alamar aikin ilimi, ciyawa ba ta iya adalci irin wannan ba.

Mai aski ya zagaya rago, ya shafa bayansa, ya ji ƙashi yana gaishe shi.

"Dakta, ni fa idona yana ce mini ragon nan ramewa yake."

"Idonka a wace makaranta ya yi karatu? Naman zamani a ciki yake taruwa. Wanda kake gani a waje na talla ne."

A cikin gida kuma wata damuwar ce ta taso masa, sabulun yanzu ya lalace, yana tsuke tufafi. Sau biyu matarsa tana kai wandonsa wurin Yaya a buɗa ƙugu, Yaya tana buɗawa, sai ta ɗaga wandon sama ta daɗe tana kallo. Maɓallin tsakiya na farar riga ya yi tsalle ya faɗa kwata. Kujera ta daina juyawa ko hagun ma, sai kuka idan an zauna. Wata rana matar ta ce masa, maigida, tunda ga sikeli a gida, da ka ɗan hau kai kaɗai ko don sha’awa. Ya ce mata sikeli kayan aiki ne ba abin wasa ba, kuma ita da ba ta taɓa shiga gonar gwaji ba gara ta bar wa masu abin abinsu. Ta ce to, ta koma wankinta.

Da yamma tumakin Yaya sukan dawo tare da garken maƙwabta, ciki cike da ciyawa, su tarar da bahon Dakta a tsakar gida. Nasa sun gaji da dusa sun bar saura, a ƙasan bahon kuma garin masara da burbushin tunkuza sun kwanta. Na Yaya su sa kai su lashe tas. Dakta yana gani ta taga yana dariya har da buga tebur, yana kiran masu wucewa su zo su ga talakawa na wanke wa masu hali kwano. Ya lura sun ɗan yi sheƙi, bayansu ya faɗaɗa, amma ya ce iska ce, ciyawa ai iska take tarawa.

Da damina ta ja baya aka sa rana. Dakta ya bi gida-gida yana gayyata, ya aro bencina daga wurin mai shayi, ya sa aka share ƙofar ofis aka zuba yashi. Ya shirya jawabi mai kashi uku. Ya kuma ga ya kamata ɗaga ragon ya zama abin kallo, a yi shi da sunkuyo ɗaya, a tsaya ƙyam, a ɗan juya fuska wajen jama’a. Da safe ya ja ragon wani lungu yana gwadawa. Na farko ya yi kyau. A na biyu wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa, ya tsaya a sunkuye, rago ya zame ya yi tafiyarsa. Haka ya fito wurin taro a duƙe kamar mai neman allura a ƙasa, hannu ɗaya a baya, yana amsa gaisuwar mutane ga takalmansu. Ya ce ba komai ba ne, yana duba ko ƙasar ta daidaita ne kafin a ajiye sikeli.

Mai kemis, wanda aka ba alƙalanci, ya ce mai ciwon baya ba ya ɗaukar tunkiya, a samo wani. Aka turo mai aski, mutum siriri kamar tsinken tsintsiya. Mai kemis ya ce ya fara hawa shi kaɗai. Dakta ya ce ɓata lokaci ne, amma ya yafe. Aka fara da na Yaya. Mai aski ya rungumi mai baƙin kunne yana nishi, jijiyoyin wuyansa suka fito. Kowace a cikin ukun ta haura talatin. Jama’a suka yi guna-gunin yabo. Yaya tana zaune a kan kujerar roba tana warware wani ɗinki, ko kai ba ta ɗaga ba. Dakta ya yi murmushi daga can ƙasa, ya ce sun yi ƙoƙari daidai gwargwadon ciyawa. Ya roƙi mutanen baya su matso, don ragonsa a awon makon jiya kilo talatin da biyar ne, yau kuwa Allah kaɗai ya sani.

Mai aski ya sunkuya ya tattaro ƙarfi kamar yadda ya yi wa na Yaya, ya ɗaga ragon Dakta, sai ya kusa faɗuwa ta baya, don ƙarfin ya yi wa kayan yawa. Ya hau. Mai kemis ya duba allura, ya goge tabarau, ya sake dubawa, ya cire nauyin mai aski a bayyane kowa na ji. Ashirin da biyar. Aka auna sauran nasa biyun, ɗaya tana nan inda damina ta same ta, ɗayar ma ta ɗan ja baya.

Dakta ya ce a dakata, sikelin ya lalace. Ya ce tun safe ya lura allurar tana rawa, kuma ba mamaki an taɓa shi, bai dai ambaci suna ba. Mai kemis ya ce sikelinsa bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Dakta ya ce zai tabbatar yanzun nan, ai akwai abu ɗaya a wurin da duk layin ya san nauyinsa. Ya dafa kafaɗar mai aski, ya ja ƙafa ya hau.

"Kowa shaida ne, ni saba’in ne. Karanta musu."

"Tamanin," in ji mai kemis.

"To kun gani. Ya lalace."

"Dakta, wane irin lalacewa ne zai zare wa rago goma ya kawo maka ita cif-cif?"

Kowa ya shiga lissafi a cikin kansa. Wata mai sayar da kayan miya ce ta fara gamawa, ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Daga nan abin ya bi benci-benci kamar wutar kara. Mai shayi ya zauna a ƙasa. Mai aski ya ce a taimaka a miƙa wa Dakta ragon ya sake hawa, wataƙila talatin da biyar ɗin ta dawo. Wani daga baya ya ce lallai naman zamani a ciki yake taruwa, yanzu sun ga cikin da ake nufi.

Dakta ya ce kaya ne suka yi nauyi. Ya cire hula, ƙwal ɗin askinsa da bai gama cikowa ba ya bayyana, allura ba ta motsa ba. Ya cire takalmi. Ya cire agogo. Ya sa hannu ya zazzage aljihun hagu, curin tunkuza suka zubo suna gangarawa a kan yashi. Tumaki shida suka ɗaga kai a lokaci guda. Ba su tsaya neman izinin alƙali ba. Nasa uku suka zo ta gaba, na Yaya, waɗanda yanzu suke da ƙarfin turi, suka zo ta baya, sai ga Dakta zaune daɓas a cikin bahon abinci da ke ajiye a gefe, ƙafa sama, mai baƙin kunne tana lasar masa aljihu.

Ko a cikin baho bai ba da kai ba. Ya ɗaga yatsa ya ce jama’a su saurara, yanzu gaskiya ta fito. Tumakin Yaya kullum sai sun lashe ragowar haɗinsa bayan sun dawo kiwo, kowa ya gani, shi da kansa ya kira mutane suka gani. To ashe haɗinsa ne ya gina su. Ciyawa da rana, ɗan ƙari da yamma, wannan shi ne ainihin tsarin da ya shirya tun farko, bai dai sanar ba don kada a sata. Saboda haka nasara tasa ce, ɗaki kuma nasa.

Sai a lokacin Yaya ta ajiye ɗinkinta. Ta ce ita ba ta musun ilimi. Ta ce ai shi da bakinsa ya ce wanda ake yi wa ƙari ya fi girma, kuma duk layin ya gani da idonsa, ga shi nan baho bai ishe shi ba. Amma maganar da aka ƙulla ita ce tumakin wa suka fi nauyi, ba bahon wa aka lasa ba. Ta juya wajen shaidu. Mai kemis ya ce haka aka yi. Mai aski ya so ya ce haka aka yi, dariya ta hana shi, ya ɗaga hannu kawai.

Aka ciro Dakta. Ya ja jiki a duƙe ya shige ofis, ya zauna a kujerarsa, ya riƙe hannuwanta gam, ya ce bayansa ya riƙe, kuma bincike ya nuna motsa mai ciwon baya haɗari ne, sai nan da wata uku. Yaya ta ce Allah ya sawwaƙe ta motsa ƙaninta yana ciwo. Ta kira ƙarti huɗu daga cikin masu kallo ta ce su ɗauki kujerar a hankali, kada su taɓa abin da ke kanta. Suka ɗaga suna nishi, ɗaya yana tambayar mai kemis ko ya tabbata tamanin ce kawai. Suka fito da shi ta ƙofar titi, yana sama yana ci gaba da kashi na biyu na jawabinsa, suka zagaya suka sauke shi a tsakar gida kusa da turke. Kafin ya kai kashi na uku, matarsa ta riga ta kama gefe ɗaya na keken ɗinki, Yaya ta kama ɗayan.

Da safe Yaya ta tsaya a ƙofar sabon shagonta, mabuɗi a ɗaure a bakin zane, ta shimfiɗa sabuwar doka. Duka shidan za su tafi kiwo, buhun haɗi yana ɗakinta, da yamma ita za ta auna wa kowace tafin hannu. Dakta ya fito da sanda, bayan ya ɗan saki, yana tafe a karkace. Ya ce tsarin ya yi daidai da nasa, sai dai tunkuzar tana bukatar wanda zai riƙa dubawa ko ta lalace, kuma shi a shirye yake.

"Tumaki shida, ciyawa da ƙari," in ji Yaya. Ta nuna shi da almakashi. "Kai kuma, Auta, kiwo zalla. Ƙarshen wata mu auna."

Ya buɗe baki zai faɗi abin da bincike ya nuna, ta taka keke.